Wasa ne ko faɗa: sharhi kan likitan dabbobin da ke zuwa gida duba 'yan kwikwiyo a Zinder

A Damagaram, idan aka ce likitan dabbobi, shanu da raƙuma da tumaki da awaki ne suke fara zuwa wa mutum a rai, sai kuma kaji ga masu kiwonsu, domin a nan dukiyar jama'a take, a nan kuma cinikin magani yake. Kare ba ya shiga lissafi sosai, duk da cewa yana nan a lambuna da garake da gidajen bakin gari, kuma mafarauta ba su taɓa rabuwa da shi ba. Shi ya sa na ga ya dace in yi sharhi a kan wata hidima da wani ƙaramin asibitin dabbobi mai zaman kansa yake yi a cikin garin Zinder, inda likita yake takawa har gida, ya zauna ya kalli 'yan kwikwiyon da ake reno tare, sannan ya gaya wa mai su ko kokowar da suke yi wasa ce, ko kuwa faɗa ne ya fara tsirowa. Ba zan ambaci sunan wurin ba, tun da a cikin abin da zan faɗa akwai yabo, akwai kuma suka.

'Yan kwikwiyon da suka sa na nemi wannan hidima guda biyu ne, namiji da mace, uwarsu ɗaya, na karɓo su daga wajen wani ɗan'uwa mafarauci a yankin Mirya suna da kamar mako 8, da niyyar su tashi su tsare awaki da kaji. Yara suka sa wa namijin suna Duna saboda baƙinsa, macen kuma Kura saboda haɗamarta. Ba su daɗe ba suka raba kan gidan. Baba maigadi yana ganin a ƙyale su su yi ta cizon juna, a cewarsa haka kare yake samun zafi, uwargida kuwa ta dage a mayar da ɗaya kafin su koma kan yara. Kowanensu yana da hujja, domin duk wanda ya ji gurnanin da ke tashi a tsakar gida da yamma zai ɗauka jini ya kusa zuba.

Tun daga waya aka fara aikin. Likitan ya nemi in ɗauki bidiyon kokowar tasu in aika masa ta WhatsApp, ya kuma yi tambayoyi a kan shekarunsu, da abin da suke ci, da yawan kwanukan da ake zuba musu, da inda suke kwana, da ko an taɓa ganin jini ko rauni a jikin ɗaya. Shi ne ya zaɓi lokacin zuwa, ya ce sai bayan la'asar, saboda a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Zinder yake haura maki 40, kwikwiyo yini yake a kwance a gindin randa, wanda ya zo da rana tsaka ba abin da zai gani sai barci. Na biya jika biyar, wato sefa dubu biyar, kuɗin ziyara, ban da kuɗin allura da magani da aka lissafa daban. Ya zo a kan babur tare da yaronsa, ɗauke da ƙaramin akwatin ƙanƙara da ake sa alluran rigakafi, wanda a gari mai zafi da yawan ɗaukewar wuta ba ƙaramin abin dubawa ba ne.

Abin da ya fara yi shi ne zama. Ya nemi a kawo kujera inuwa, ya roƙi yara su zauna kada su kira karnukan, kada su tafa, kada kowa ya sa baki, sannan ya yi shiru na tsawon lokaci yana kallo. Wanda ya saba da likitan da ke zuwa ya caka allura ya karɓi kuɗi ya wuce zai iya ɗauka ana ɓata masa lokaci. A ganina wannan zaman shi ne ainihin abin da ake saye, domin likitan ba hukunci kawai ya yanke ba, ya koya mana inda za mu riƙa sa ido, kuma duk inda ya koya mana ba inda muke kallo a da ba ne.

Darasi na farko shi ne a cire kunne daga maganar. Mu duka da ƙara muke auna al'amarin, idan gurnani ya yi yawa mu ce faɗa ya yi tsanani, alhali kwikwiyo yakan yi gurnani mai tayar da hankali yana tsakiyar jin daɗi, musamman idan suna jan tsumma ɗaya. Likitan ya sa mu saurari yadda gurnanin yake: na wasa gajere ne, siriri, yana hawa yana sauka, yana tsinkewa da haki, na gaske kuwa daga ƙirji yake fitowa, mai kauri, a miƙe, ba ya rawa. Bai ambaci wani bincike ba, amma maganarsa ta dace da abin da Tamás Faragó da abokan aikinsa na jami'ar Eötvös Loránd da ke Budapest suka wallafa a 2010. Sun naɗi gurnani iri uku, na wasan ja-in-ja, da na korar baƙo, da na tsare abinci, suka riƙa kunna su ga karen da ya nufo ƙashi, suka tarar na wasa ya fi gajarta da sirantaka, kuma na tsare abinci ne ya fi sa kare ja da baya ya bar ƙashin. Ke nan su karnukan suna bambance abin da kunnen mutum yake haɗawa wuri ɗaya.

Bayan kunne sai jiki, kuma a nan ya fi daɗewa. Kwikwiyon da ke wasa jikinsa a sake yake, yana tsalle fiye da buƙata, yana gudu a karkace, yana faɗuwa ba wanda ya kayar da shi, bakinsa a wangame kamar mai dariya, fatar goshinsa ba tamau. Haƙoran suna bayyana, amma leɓe bai tattare ba, hanci bai yamutse ba. Ya ce kada a dogara da kaɗa wutsiya, domin karen da ya fusata ma yakan ɗaga wutsiyarsa sama a sandare yana kaɗa bakinta da sauri, wutsiyar wasa kuwa da ƙugu gaba ɗaya take tafiya. Haka tashin gashin baya, shi kaɗai ba ya nuna komai sai cewa jinin dabbar ya motsa, wanda yana iya zama na murna ko na tsoro ko na fushi. Sai ya nuna mana wani motsi da muka sha gani ba mu ba shi muhimmanci ba, inda Duna yake shimfiɗa ƙafafun gaba da ƙirji a ƙasa, ya bar gindi a sama, ya zuba wa Kura ido. Wannan durƙuson gayyata ce. Marc Bekoff, masanin halayyar dabbobi a jami'ar Kolorado ta Amurka, ya nuna a 1995 cewa karnuka da danginsu na daji sun fi yin sa dab da cizon da ake haɗawa da girgiza kai, ko bayansa, kamar dai ana tabbatar wa abokin wasa cewa ba da mugun nufi ba ne. A 2016 kuma Sarah-Elizabeth Byosiere da abokan aikinta suka ga cewa manyan karnuka sun fi yin sa bayan ɗan tsayawa, domin a tayar da wasan da ya lafa. Kowace fassara aka ɗauka, inda ake wannan durƙuso jefi-jefi ba fagen gaba ba ne.

Wannan tsayawar ita ce alama ta uku. Idan mutum ya lura zai ga suna kokowa na 'yan daƙiƙu, sai su tsaya cak su dubi juna, ko ɗaya ya girgiza jiki, ko ya soshe kunne, ko ya je ya lashi ruwa, sannan su koma. Faɗa ba shi da irin wannan hutu. Tare da tsayawa akwai musayar matsayi: wanda ya kori ɗan'uwansa yanzu, shi ake kora an jima, wanda yake sama ya koma ƙasa. Mun ga Duna, wanda ya fi girma da ƙarfi, yana kwanciya da kansa ya ba Kura wuyansa. Duk wanda ya taɓa ganin saurayi ɗan kokowa yana wasa da ƙaninsa a dandali, yana bari a ɗaga ƙafarsa, yana faɗuwa da gangan don yaron kada ya yi zuciya ya tafi, ya san abin da ake nufi. Binciken da Camille Ward da Erika Bauer da Barbara Smuts na jami'ar Mishigan suka wallafa a 2008, bayan sun bi 'yan kwikwiyo 'yan uwa ɗaya tun suna mako 3 har zuwa mako 40, ya nuna maza sukan yawaita irin wannan sassauci idan suna wasa da mata.

A nan ne na sami sukar farko. Likitan ya faɗi maganar musaya kamar doka, wai sai rabon ya zama daidai wa daida, in ba haka ba akwai matsala. Wannan ya yi tsauri. Su waɗancan masu binciken sun nuna cewa wasan karnuka ba ya bin rabon rabi da rabi, a 2007 Bauer da Smuts suka ga akwai karnukan da ɗaya yake cin galaba kusan kullum kuma wasan bai ɓaci ba, binciken 2008 kuma ya nuna rinjayen ɗaya a kan ɗaya yana ƙaruwa yayin da 'yan kwikwiyo suke girma. Mai gidan da ya riƙe dokar likitan da ƙarfi zai riƙa raba wasa mai kyau saboda kawai ɗaya ya fi yawan zama a sama. Abin tambaya shi ne ko na ƙasan yana so, ba sau nawa ya hau sama ba.

Sa'ar da aka yi, shi kansa likitan ya kawo hanyar amsa wannan tambaya, kuma ita ce abu mafi amfani da na samu a ziyarar gaba ɗaya. Lokacin da Duna ya danne Kura tana ƙara, sai ya tashi a hankali, ya riƙe Duna ta ƙirji ba tare da tsawa ba, ya ja shi baya kaɗan, ya bar Kura a sake. Ya dubi maigadi ya ce, "Baba, ku duba ku gani inda za ta nufa." Kura ta miƙe, ta girgiza ƙasa daga jikinta, ta dawo da gudu ta kama kunnen Duna. Likitan ya ce, "To kun gani, da wahala take sha, da ƙarƙashin amalanke za ta shige." Baba ya yi dariya ya ce, "Likita, ai ni na faɗa musu tun farko." Likitan ya amsa masa da ladabi cewa rabin maganarsa ce ta tabbata, sauran rabin sai an zuba abinci. Wannan gwaji ba ya buƙatar kuɗi ko kayan aiki, yaro mai hankali ma zai iya koyonsa: a riƙe wanda ake zargi, a saki wanda ake tausayi, idan ya komo wasa ne, idan ya gudu ya ɓuya, ko ya maƙale wutsiya tsakanin cinyoyi, ko ya tsaya nesa yana lasar leɓe yana kau da kai, to an wuce gona da iri, a raba su su huta.

Game da cizo da kukan da ke biyo bayansa, bayaninsa ya gamsar da ni. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28 masu tsini ƙwarai, waɗanda suke fara zubewa wajen wata 3 zuwa 4, kafin haƙoran girma 42 su cika wajen wata 6 zuwa 7. A wannan tsakanin baki yana ƙaiƙayi, komai cizo ne. Idan ɗaya ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wanda aka ciza yakan yi ƙara guda mai kaifi ya janye, wasa ya tsaya, kuma ta haka mai cizon yake koyon cewa matsa haƙori yana kashe masa jin daɗi. Saboda haka ba kukan ne abin tsoro ba, abin da ya biyo bayan kukan ne. Idan mai cizon ya saki, ya ja da baya, ya dawo a hankali, karatu ake yi. Idan kuwa kukan ya ƙara tunzura shi, ya riƙe ya ƙi saki, ya bi wanda ya gudu har maɓoyarsa, wannan ba wasa ba ne. Likitan ya yaba da cewa an bar su wajen uwarsu har mako 8, ya kuma soki al'adar ɗauke kwikwiyo da zarar ya buɗe ido, wato yana da kwana 10 zuwa 14, don wai ya fi sabawa da mai shi. Tun binciken John Paul Scott da John Fuller a Bar Harbor ta jihar Maine, wanda suka tattara sakamakonsa a 1965, aka san cewa tsakanin mako 3 da mako 12 ne kare yake koyon zama da 'yan'uwansa da kuma mutane. Wanda kuwa aka raba da uwa da 'yan'uwa da wuri yakan tashi bai san ƙarfin bakinsa ba.

Da magariba ta gabato ya ce a zuba musu abinci yadda aka saba. Aka kawo ragowar tuwo da romo da ɗan ƙashi a kwano ɗaya. Abin da ya faru bai ɗauki lokaci ba, kuma ba shi da hayaniya ko kaɗan, shi ya sa ba wanda ya taɓa lura da shi a gidan. Kura ta sa kai a kwanon, Duna ya matso, sai ta daina tauna. Jikinta ya sandare, kanta yana ƙasa a kan abincin, idonta ya juya gefe har farinsa ya fito, bakinta ya rufe, sannan leɓenta na sama ya tattare. Gurnanin da ya fito ƙasa-ƙasa ne, da ƙyar muka ji shi. Duna ya ƙara taku ɗaya, ta kai masa cafka guda a hanci, da sauri, ba tsalle, ba durƙuso, ba komawa wasa. Ya ja da baya ya zauna nesa yana kallo har ta gama. Likitan ya juyo ya ce, "Malam, duk abin da kuka aiko mini a waya wasa ne. Wannan da ba ku ɗauka ba, shi ne faɗan." Ya kuma nuna mana cewa ƙaramar ce mai laifin, ba babban da ake ta zargi ba, kuma haƙarƙarin Duna ya fara fitowa duk da girman ƙashinsa.

Maganin da ya bayar mai sauƙi ne: kwano biyu, a wurare biyu da ba sa ganin juna, a ɗauke kwanukan da zarar an gama, ƙashi kuwa kada a ba su sai kowa yana keɓe. Ruwa ma a ajiye a wuri fiye da ɗaya, ko da yake a Zinder, inda ruwan famfo yake da nasa hali, wannan shawara ta fi sauƙin faɗa. Ya ce tsare abinci dabi'a ce da ake samu a karnuka da yawa, ba alamar mugun iri ba ce, amma idan aka bar ta tana cin nasara kullum sai ta kafu, ta tashi daga kwano ta koma kan wurin kwana da inuwa da bakin ƙofa, wata rana kuma ta faɗa kan hannun yaron da ya zo ɗaukar kwano. Ya ƙara da cewa kowane kwikwiyo yana buƙatar lokacin da zai kasance shi kaɗai da mutane, a kira shi da sunansa, a fita da shi wajen awaki shi ɗaya, domin 'yan uwa ɗaya sukan shaƙu da juna har su daina sauraren mai su.

Ya tsaya sosai a kan duka. Al'adarmu ce idan kare ya yi gurnani a ɗaga sanda, likitan kuwa ya ce wanda ya daki gurnani gargaɗin ya kashe, fushin yana nan, kuma karen da aka hana gargaɗi shi ne mai cizo ba sallama. Idan faɗa na gaske ya kaure, kada a sa hannu a tsakani, kada a kama wuya, sai dai a buga kwano ko a watsa ruwa ko a zura faifai ko katako tsakaninsu, sannan a raba su har jini ya kwanta. Ya kuma taɓo maganar Baba ta cewa faɗa ne yake sa kare zafi, da abin da wasu suke yi na ɗaure kwikwiyo cikin rana ko hana shi ganin mutane don ya yi mugunta. A cewarsa, abin da ake samu ta wannan hanya kare ne matsoraci mai cizon kowa, har 'ya'yan gida da 'yan akuya, alhali gadi yana fitowa ne daga sanin gida da mutanensa, idan kare ya balaga zai yi wa baƙon dare haushi ba sai an koya masa ba. Na ji daɗin yadda ya faɗi wannan ba tare da ya muzanta dattijon a gaban yara ba.

Kafin ya tafi ya duba lafiyarsu, kuma bai ɗauki wannan a matsayin wani aiki daban ba, domin ciwo yakan sa kwikwiyo mai haƙuri ya zama mafaɗaci. Ya leƙa kunnuwa ya cire kaska, ya taɓa ciki, ya ba su maganin tsutsar ciki, ya yi musu allurar da ke kare su daga cutar amai da gudawar jini wadda take kashe 'yan kwikwiyo da yawa, ya sa ranar allurar ciwon haukan kare idan sun cika wata 3. A kan wannan ciwo ya yi magana ba wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa yana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kashi 99 cikin 100 ta hanyar kare, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 su ne kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda suke mutuwa. Kwikwiyo ma yana iya ɗauka. Wanda halinsa ya sauya farat ɗaya, yana cizon duk abin da ya gani, ko yana dalalar da miyau, ko muryarsa ta canja, ko ya kasa haɗiya, ba a tsayawa tambayar wasa ne ko faɗa, a killace shi a kira likita. Wanda aka ciza har fata ta fashe kuma ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Sauran abubuwan da ban ji daɗinsu ba sun shafi tsarin hidimar ne. Duk wannan bayani da baki aka yi shi, ba a bar mana ko takarda guda ba, katin rigakafin da aka ba mu kuma da Faransanci yake, alhali masu ba karnukan abinci kullum, wato Baba da yara da matan gida, Hausa suke ji. Shafi ɗaya da Hausa, ko saƙon murya na 'yan mintuna a waya, da ya ninka amfanin ziyarar. Haka kuma yawancin maganarsa da ni da maigadi ya yi ta, bai nemi jin ta bakin uwargida ba, ga shi ita ce take yini da su, ita ce kuma ta fara nuna damuwa. Babu ziyara ta biyu a cikin kuɗin, saƙon da na aika daga baya kuma ya daɗe kafin a amsa shi, wanda ban yi mamaki ba ga mutumin da yawancin aikinsa yana rugage da kasuwannin dabbobi, amma wanda ya tallata hidima ya kamata ya tanadi lokacinta.

Giɓin da ya fi girma shi ne na gaba. Abin da aka gani a kwikwiyo ɗan wata 2 ko 3 ba shi ne zai tabbata ba, domin kare yana balaga tsakanin wata 6 da shekara 1, halinsa na zama da sauran karnuka kuma ba ya gama kafuwa sai tsakanin shekara 1 zuwa 3, kuma a lokacin ne faɗan 'yan gida ɗaya yake yin muni, musamman idan jinsinsu ɗaya, mata biyu sun fi kowa. Likitan bai taɓo wannan ba sai da na tambaya, haka ma maganar cewa namiji da mace 'yan uwa ɗaya za su haihu da juna idan ba a yi wa namijin fiɗiya ko an raba su lokacin da macen take neman namiji ba. Da na tambaya kuwa sai ya zarce, ya ce shi a son ransa kada kowa ya ɗauki 'yan uwa ɗaya guda biyu. Na fahimci dalilinsa, aikin ya ninka, amma mafarautan yankin nan sun daɗe suna tayar da 'yan uwa ɗaya su yi farauta tare, kuma abin da yake raba gidan da aka dace da wanda ba a dace ba shi ne kulawa da rabon abinci da keɓe kowa lokaci-lokaci.

Tun da aka raba kwanuka cafkar ta tsaya, Duna ya murmure, kokowar yamma kuma tana nan da gurnaninta, sai dai yanzu ba mai tashi da sanda. Yara suna yin gwajin riƙewa da saki da kansu, wani lokaci fiye da yadda ya kamata. Ina ba da shawarar wannan hidima ga wanda yake renon kwikwiyo biyu ko fiye a gida mai ƙananan yara, da mai lambu ko garken da ya karɓo su da yawa lokaci guda, kuma ya fi kyau a kira likitan kafin su cika mako 12. Wanda yake da kwikwiyo ɗaya, ko gogaggen mafarauci, alluran kawai yake buƙata. Jika biyar ba kuɗin wasa ba ne a kan kare ga yawancin gidajen Zinder, don haka maƙwabta biyu ko uku masu karnuka suna iya haɗa kuɗi a yi zaman a gida ɗaya, tun da darasin ɗaya ne. Duk wanda zai kira shi ya ɗauki bidiyon lokacin cin abinci, ba na kokowa kawai ba, ya tara duk masu hulɗa da karnukan a wurin, ya naɗi bayanin a waya, kuma tun kafin a biya a yi yarjejeniya cewa likitan zai dawo ya sake duba su idan sun kai wata 6.